Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Masu Shirya Taruka Da Bukukuwa A Sakkwato Kan Tulin Lasifika Da Haƙƙin Masu Hannu

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranku shi daɗe shugabannin kwamitocin shirya taruka, iyayenmu masu ɗakunan taro, iyayen biki maza da mata, da 'yan'uwanmu masu ba da hayar kayan sauti a Birnin Shehu da garuruwan da ke kewaye da shi. Muna gaishe ku da ɗawainiya, Allah shi saka da alheri.

Mu da muka haɗu muka rubuta wannan takarda makaɗa ne da 'yan karɓi da masu haɗa sauti. A cikinmu akwai mai kalangu, mai kotso, mai goge, mai fiyano, da wanda aikinsa zama bayan mikisa, wato na'urar haɗa sauti da daidaita shi, tun daga shimfiɗa waya har naɗe ta. Muna magana da yawun duk wanda abincinsa ke fitowa daga tsayuwa gaban jama'a, ko wurin aure ne, ko naɗin sarauta, ko yaye ɗalibai, ko filin dambe da kokowa.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne yadda kasafin taro ya koma a 'yan shekarun nan. Da an zauna lissafi, tambayar farko ita ce, "Lasifika nawa za a kawo?" Da ƙidayar akwati ake biyan haya, kuma kowa na son a ga tulinsa ya ɗara na bikin makon jiya. In kuɗi suka gaza, a kan mutane ake yankewa. A ce 'yan karɓi shida sun yi yawa a kawo biyu, a ce mawaƙi ya bar makaɗansa gida ya zo da waƙarsa a filashi, a bar mikisa a hannun yaron da ya yi dakon kayan. Lokacin gwajin sauti kuwa ko a takardar tsarin taro ba ya shiga. Wannan shawara tana cutar da ku da kuke fitar da kuɗin, tana cutar da baƙin da kuka gayyato, tana kuma cin sana'armu daga tushe. Ga yadda abin yake.

Bari mu fara da abin da Bahaushe ke zuwa nema wurin kiɗa. Waƙarmu magana ce. Mai sauraro yana jiran gindin waƙa ya dawo ya karɓa da bakinsa, yana jiran ɗan waƙar da za a ambaci kakansa, yana kasa kunne ya gane da wa ake wannan habaicin. Ibrahim Narambaɗa da kotso ya yi wa Sarkin Gobir na Isa waƙa. Salihu Jankiɗi da taushi ya tsaya a fadar Sarkin Musulmi Abubakar na Uku. Ɗan Anace da kalangu ya riƙe filin dambe. Abin da ya rage mana na muryoyinsu tsofaffin ɗauka ne, wasu har da shuu a ciki kamar ana yayyafi, amma har gobe ana sa su a rediyo, direba a hanyar Illela yana bin su ɗa bayan ɗa ba tuntuɓe. Abin da ya riƙe su shi ne kalma tana fita sarai, karɓi yana faɗawa daidai gurbinsa, hannu kuma bai saɓa wa baki ba. Aikin na'ura ɗaya ne, ta ɗauki wannan ta kai wa na layin baya yadda yake. Ba ta iya ba hannu abin da bai koya ba, sai dai tana iya ɓata aikin wanda ya koya, kuma wannan ɓarnar ce muke gani kusan kowane mako.

Hausa harshe ne mai hawa da sauka da tsawon wasali. Garin da ake zama da garin da ake tuwo, kuka na yaro da kuka ta miya, kunne ne ke raba su. Baƙaƙe irin su s, sh, ts, k da ƙ suna zaune a saman sauti, daga wajen hez 2000 zuwa sama (hez shi ne ma'aunin kauri da sirancin sauti), inda ɗan ƙaramin lasifikar da muke kira twita ke aiki. Manyan akwatunan bes, masu fitar da sauti mai kauri, da ake jerawa a ƙasa aikinsu daga wajen hez 120 ne zuwa ƙasa. Su ne masu girgiza ƙirji da gilashin taga, amma ba su ɗauke da harafi ko ɗaya, kuma in aka cika su sai su danne na sama, domin a kunnen ɗan'adam sauti mai kauri yana saurin rufe siriri. Shi ya sa za ku ga uwar amarya ta tashi za ta yi liƙi, ta tsaya tana tambayar ta kusa da ita, "Wa ya ambata?" Ana ta dukan ƙirjinta da sauti, amma sunan mahaifinta da aka kira bai iso kunnenta ba.

Kukanmu na farko ke nan: yawan akwati ba ya nufin za a ji. Lissafin abin a fili yake. In aka ninka ƙarfin amfilifaya, wato na'urar da ke ba lasifika ƙarfi, sau biyu, daga wat 500 zuwa 1000, desibel 3 kacal aka ƙara a ma'aunin ƙara, wanda da ƙyar mai sauraro zai lura. Kafin kunne ya ce ƙara ta ninka sai an ninka ƙarfin kusan sau goma. A buɗaɗɗen fili kuma, irin Dandalin Shehu Kangiwa ko filin makaranta, duk sanda nisa ya ninka sauti yana raguwa da desibel 6. In a mita 2 daga lasifika ana samun 100, a mita 4 ya koma 94, a mita 8 ya koma 88, a mita 16 ya koma 82, a mita 32 saura 76, wanda hayaniyar jama'a da kukan janareta za su iya haɗiyewa. To mai mikisar da bai san aiki ba in na baya suka ce ba su ji, sai ya ƙara murɗawa. Su wa ke zaune a layin gaba? Sarakuna, malamai, dattawa, da mata masu goyo.

Maganin wannan bai kai kuɗin ƙarin akwati huɗu ba. A ɗaga lasifika kan ƙafarsa ya wuce kan mutane, kamar mita biyu zuwa biyu da rabi, a ɗan sunkuyar da shi ya kalli tsakiyar jama'a. Jikin mutum da babbar riga suna shan sautin sama, don haka akwatin da aka aje a ƙasa ko kan benci layi uku na farko kawai yake yi wa aiki. In wurin ya yi tsawo, a kafa wasu ƙanana biyu a wajen mita 20 daga dandamali, su kalli inda na gaba suke kallo, a jinkirta su. Sauti yana tafiyar kusan mita 345 a daƙiƙa, wato kowace mita tana cin kusan kashi 3 cikin dubu na daƙiƙa, don haka na mita 20 ana ba su jinkirin kashi 58 zuwa 60 cikin dubu. In ba a yi haka ba na tsakiya zai riƙa jin mawaƙi biyu, ɗaya na bin ɗaya. Mafi muni shi ne abin da ake yi a ɗakunan taro masu tayil a ƙasa, bangon siminti tsirara da rufin kwano: a aje akwati a kowace kusurwa huɗu suna kallon juna. Irin wannan ɗaki da kansa yake maido da sauti, duk wat ɗin da aka ƙara bango ne ke karɓa ya watso shi a dagule. Labule mai kauri a bangon baya da kafet a dandamali sun fi sabon amfilifaya amfani a wurin.

Akwai kuma maganar lafiya. A shekarar 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida ga wuraren kiɗa, cewa kada matsakaicin ƙara ya wuce desibel 100 a cikin kowane minti 15. A ma'aunin da masana lafiyar ma'aikata ke amfani da shi, kunne yana jure desibel 85 na awa takwas, kuma duk ƙarin 3 yana raba lokacin biyu, har a 100 ya rage kwata ɗaya na awa. Bikinmu kuwa daga la'asar ne har bayan isha'i. Wannan ƙugin da mutum ke kwana da shi a kunne bayan biki alama ce ta rauni, kuma jin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa. Jaririn da ke bayan uwarsa a gindin akwati ba shi da bakin cewa a rage.

Kuka na biyu shi ne rashin mai kunne a bayan mikisa, kuma a nan za mu ɗan daɗe, domin yawancin abin da ake ɗora wa "kaya marasa kyau" daga nan yake tasowa. Ƙarar nan mai tsinka kunne da ke tashi ana tsakiyar jawabi tana faruwa ne in makirfo ya ji abin da lasifika ke fitarwa ya sake mayar masa. Dalilanta sanannu ne. Ko an kafa lasifika a bayan mai magana, ko mai gabatarwa ya sauko yana yawo a gabansu, ko mawaƙi ya dunƙule kan makirfo da tafin hannu. Wannan dunƙulewa da matasa ke yi don ado tana toshe ramukan bayan kan makirfo, waɗanda su ne ke sa ya ƙi jin abin da ke bayansa, sai ya koma yana kwasar sauti ta ko'ina. Wanda ya san aiki zai sa lasifika gaba da layin makirfo, ya rufe duk makirfon da ba a amfani da shi, ya yanke ƙasan sauti daga hez 100 a kan muryoyi, ya nemo siririn wurin da ke kuka ya rage shi shi kaɗai. Wanda bai sani ba zai ja babban maɓalli ƙasa, magana ta ɓace, ya sake turawa, kukan ya dawo.

Haka jar fitilar nan da ke ƙiftawa a jikin amfilifaya. Yara da yawa sun ɗauka alamar ƙarfi ce. Alama ce ta cewa na'ura ta kai maƙura tana yanke kan sautin, kuma sautin da aka yanke wa kai shi ne ke gasa twita. Da twita ta ƙone akwati zai ci gaba da buguwa, ba wanda zai lura nan take, amma magana ta koma kamar ta mai mura. Irin waɗannan akwatuna da yawa suna yawo a gari ana ba da hayarsu a cikin ƙidaya. Sai kuma jona akwatuna barkatai a layi ɗaya. Akwati biyu masu om 8 in aka haɗa su sun koma om 4, in huɗu ne sun koma om 2, kuma amfilifaya da yawa ba a gina su don om 2 ba, domin om ma'aunin tirjiyar akwati ga wuta ne, duk sanda ya ragu nauyin da ke kan amfilifaya ƙaruwa yake yi. A Sakkwato, inda a watan Afrilu zafi ke haura digiri 40, amfilifayar da aka ɗora wa wannan nauyi, aka aje ta a rana ko aka lulluɓe ta da yadin ado don kada ta ɓata hoto, za ta yi zafi ta kashe kanta ana tsakiyar shigowar amarya. Da hunturu kuma ƙura ce ke toshe fankarta ta cika maɓallan mikisa, su riƙa ƙarƙar in an taɓa. Inuwa, sarari a bayan na'ura don iska ta wuce, da busa ƙura bayan kowane aiki, su ne maganin.

Wuta ma haka. Janaretan da ke ɗauke da na'urar sanyaya ɗaki da firizar kankara, duk sanda injinsu ya tashi wuta na faɗuwa, sauti ya shaƙe. Doguwar waya siririya ta kasuwa tana cinye wutar kafin ta iso, tana kuma zafi. Kayan sauti suna son layinsu daban, da waya mai kaurin murabba'in milimita 2.5 aƙalla, da wayar ƙasa da aka kafa da gaske, domin rashinta ne ke kawo gunjin nan na huuu, shi ne kuma ke sa makirfo ya ja leɓen mutum. A kai janareta nesa, mita 20 ko fiye, ta inda iska ba za ta kwaso ƙararsa ba. Wurin kunnawa amfilifaya ce ta ƙarshe, wurin kashewa ita ce ta farko. Wanda ya juya wannan tsari shi ke jawo fashewar nan ta "ɗum" da ke yaga lasifika. Eko kuwa, wato amsa-kuwwar da na'ura ke ƙara wa murya, gishiri ne, kaɗan ake sawa a muryar waƙa, a cire shi ɗungurungum in za a yi addu'a ko jawabi ko kirari.

Duk abin da muka lissafa ba wanda sabon kaya ke gyarawa. Mutum ne ke gyara shi, kuma mutumin nan shi ne ba a ware wa ko sisi a kasafi.

Kuka na uku ya shafi kayan kiɗanmu na gado. Ku samu lokaci ku dubi mai kalangu kafin a fara wasa. Zai zauna gefe ya ɗora kalangun a cinya, ya bi tsarkiya ɗaya bayan ɗaya da yatsa yana jan wadda ta saki, ya ƙwanƙwasa fatar da gula, ya matse da hammata ya saki, yana sauraren ko muryar ta hau ta sauka yadda baki ke yi. Da damina fata na shan laima ta saki, sai ya shanya ta ko ya kara ta kusa da garwashi. Da hunturu takan bushe ta ɗaure har ta nemi tsagewa, sai ya shafa mata ɗan ruwa da tafin hannu. Mai kotso zai ɗumama nake, wato danƙon da ke liƙe a tsakiyar fata, ya daddanna shi da babban yatsa har amon ya zauna. Mai goge zai goga ƙaro a izga, in ba haka ba ba za ta kama ba. Wannan aikin na minti 20 ne zuwa 30, kuma fatar da aka gyara a waje cikin zafi in aka shigo da ita ɗaki mai sanyin na'ura sai ta sauya, dole a sake taɓa ta. Idan aka tsare makaɗa a bakin ƙofa har sai an kira su, da kayan da ba su daidaita ba za su hau.

In sun hau kuma me suke tararwa? Makirfo biyu, ɗaya na mai gabatarwa. Alhali kowane abin kiɗa da inda ake tare shi. Kalangu yana yawo da jikin mai shi, don haka ko a maƙala masa ƙaramin makirfo a baki, ko a kafa na tsaye kamar santimita 15 zuwa 20 daga fatar da ake duka, ta gefe, inda gula ba za ta same shi ba. Kotso gindinsa a buɗe yake, kaurin muryarsa ta can yake fita, wanda ya tare shi ta sama kawai ƙarar yatsu zai samu. Goge da kukuma muryarsu ƙarama ce, sai an matso da makirfo kusa da ƙoƙon, in ba haka ba ganga ta binne su. Algaita a ɗaki sau da yawa ba ta bukatar komai, in ma za a sa mata a ja baya rabin mita. 'Yan karɓi kada su wuce biyu a makirfo ɗaya. In aka cusa shida a kan ɗaya, na tsakiya kaɗai ake ji, karɓin da ya kamata ya faɗo kamar bango sai ya zama muryar mutum guda. Ɗan ma'abba a ba shi nasa, a kuma aje shi ƙasa da na uban waƙa. Sannan a sa monita, wato akwatin da ke kallon makaɗa, aƙalla biyu. Mawaƙin da ba ya jin kansa zai yi ta ƙaraji har murya ta dushe kafin waƙa ta uku, mai kiɗa kuma zai riƙa bin sautin da bangon baya ya maido, wanda ya riga ya makara, sai kiɗa da waƙa su rabu. Jama'a su ce makaɗin ya tsufa, alhali kunnensa aka toshe.

Kuka na huɗu shi ne mamin, wato a sa waƙar da aka ɗauka a situdiyo mawaƙi ya riƙa motsa baki. Mun san dalilin: ya fi araha, kuma sautin yana fita sumul. Amma ku dubi abin da kuke sayarwa. Ana cikin waƙa babban baƙo ya shigo, gwanin mawaƙi zai karkatar da ɗan waƙar da ke bakinsa ya tare shi da kirarin gidansu, 'yan karɓi su bi shi ba tare da an ƙifta musu ido ba. Gwaggon ango ta shigo fili da irin takunta, mai kalangu ya gani ya sauya mata kari. A filin dambe kowane ɗan wasa da takensa, kuma makaɗi na karanta fili ne kafin ya san wanda zai zuga. Waɗannan su ne wuraren da hannu ke shiga aljihu, su ne kuma abin da ake labari bayan an watse. Filashi bai san wanda ya shigo ba. In wuta ta ɗauke, mai mamin zai tsaya da makirfo a hannu ba abin cewa, masu kalangu kuwa sai dai jama'a su ƙara matsowa.

Ba faɗa muke da situdiyo ko fiyano ba. Gwanin fiyano mai kunne, wanda zai bi mawaƙi duk inda ya karkata, makaɗi ne cikakke, kuma akwai su a garin nan. Na'urar gyaran murya ma tana da wurinta. Sai dai a sani ita tana jan murya ne zuwa matakalar sauti goma sha biyu irin ta fiyano, alhali mawaƙinmu yakan zame tsakanin mataki da mataki yana bin karin magana. In an matsa ta da yawa, ko an saita ta a kan matakin da ba shi ne na waƙar ba, sai ta riƙa fizgar muryar tana kai ta inda mai ita bai nufa ba.

Illar mamin mai nisa ita ce ta fi damunmu. Yaro ba ya zama ɗan karɓi a wata shida. Shekaru yake yi yana ɗaukar kaya, yana riƙe ƙaramin kiɗa, yana haddace ɗiyan waƙa da tarihin gidaje, kafin a yarda ya buɗe baki. Makarantarsa ita ce fili. Duk taron da aka ce a bar makaɗa gida, an rufe masa aji ne na ranar, an kuma hana shi ɗan abin da zai kai wa uwarsa, har ya gaji ya koma kabu-kabu. A bayansa akwai masassaƙin da ke fafe icen kalangu da mai gyaran fata. Ƙasar da jar akuyarta ta yi suna a duniya saboda kyawun fata bai kamata a wayi gari ana neman mai ɗaure kalangu a cikinta ana rasawa ba.

Mu ma muna da namu laifin, ba za mu ɓoye ba. Akwai makaɗan da ke zuwa a makare, akwai waɗanda ba sa zama su yi bita, akwai manyan da ke ganin ƙasƙanci ne yaro ya nuna musu yadda ake riƙe makirfo. Akwai masu haɗa sauti da ba su taɓa zama sun saurari kotso ba tare da na'ura ba, don haka ba su san muryar da suke nema ba. Wannan gyaran namu ne, mun kuma ɗauke shi.

Kada kuma a fahimce mu da cewa kowane tarkace ya isa. Kaya suna da iyakar da in suka gaza ta, gwani ma ba zai tsira ba. Jabun makirfo da ake bugawa da sunan Shure, wayar da aka ɗaure da leda, batirin da ya kwana a makirfo marar waya, duk suna kunyata mai hannu. Amma iyakar ba ta da nisa. Taron mutum 300 a ɗaki, akwati biyu masu inci 12 ko 15 a kan ƙafa, bes ɗaya ko biyu in akwai fiyano, monita biyu, mikisa mai layi 12 zuwa 16, makirfo takwas masu waya irin ta fil uku wadda ba ta kwasar gunji ko ta yi tsawo, da janareta mai kVA 5 na kayan su kaɗai, sun wadatar. Abin da ya haura wannan a irin wannan ɗaki ado ne. Ba girin-girin ba dai, a yi mai.

Don haka muna roƙonku, ranku shi daɗe, da waɗannan abubuwa.

Ku daina biyan haya da ƙidayar akwati. Ku gaya wa mai kaya girman wurin, yawan jama'a, ɗaki ne ko fili, da irin makaɗan da za su zo, shi ya faɗi abin da ya dace, ku kuma sa sharaɗin cewa na layin ƙarshe zai ji kowace kalma. Kafin ku biya cikon kuɗi, ɗayanku ya je can baya ya tsaya ya saurara.

Ku ware wa mai haɗa sauti ladansa daban a kasafi, da sunansa, ku tambayi wa zai zauna a mikisa kafin ku tambayi kayan. A kafa masa teburinsa a cikin jama'a ko bayansu, inda yake jin abin da suke ji, a daina ɓoye shi a bayan dandamali ko bayan labule.

Ku sa awa ɗaya ta gwaji a takardar tsarin taro, kafin a buɗe ƙofa, da makaɗa duka a wurin, da janaretan da za a yi aiki da shi a kunne. Ba a fafe gora ranar tafiya. A ba makaɗa inuwa da ruwa da wurin gyara fata kusa da inda za su yi wasa.

Masu ɗakunan taro, ku ja wa kayan sauti layin wuta nasu mai wayar ƙasa, ku rataya labule mai kauri a bangon da ke fuskantar dandamali, ku kuma sa iyakar ƙara a cikin yarjejeniyar haya. Wayar hannu ma tana da manhajar auna ƙara da za ta ba ku kimantawa. A bar aƙalla mita uku tsakanin akwati da kujerar farko, kada a zaunar da masu goyo a wurin.

In za a yi mamin, a faɗa wa mai biki tun wurin ciniki, ya san abin da ya saya. A tarukan hukuma da na al'ada kuwa, inda ake cewa za a nuna gadon Sakkwato ga baƙi, muna roƙon a sa sharaɗin kiɗa da waƙa kai tsaye, a kuma biya ƙungiya da yawan mutanenta, kada a ce uban waƙa ya zaɓi biyu ya sallami huɗu.

'Yan'uwanmu masu hayar kaya, ku turo mana yaranku. Masu haɗa sautin da ke cikinmu a shirye suke su zauna da su a ranakun da ba biki, da mikisa da mai kalangu da mai goge a wuri ɗaya, a nuna musu inda ake kafa makirfo, yadda ake lissafin om, da yadda ake kashe kuka ba tare da an kashe magana ba. Twitar da za ku daina saya duk wata ta isa ta biya kuɗin motarsu.

Na ƙarshe, a duk taron da aka gayyaci babban makaɗi, a ba yaransa minti goma su buɗe fili kafin ya hau, a kuma ambaci sunayensu a lasifika.

Allah shi ba ku ikon dubawa, shi bar zumunci.

Wassalamu alaikum.

Naku,
Wasu daga cikin makaɗa, 'yan karɓi da masu haɗa sauti na garin Sakkwato.